Ƙarfen Tsoho Ovila

Gahawar Solange ta huce tun ɗazu, ko kurɓa ba ta yi ba. Idonta na kan allon kwamfuta, a cibiyar kula da tauraron ɗan'adam inda take aiki.

Makon jiya aka harba sabon tauraron ɗan'adam ɗin, bayan iska ta yi ta ɗage tashin rokar har kowa ya gaji. Ba a yi niyyar kunna shi da wuri haka ba. Sai ga gobarar daji ta kama arewacin lardin Kebek, hayaƙi ya rufe ƙasa ruf, jirage suka makance. Na'urar rada da ke jikin tauraron kuwa ba ruwanta da hayaƙi. Saƙo take cillawa ƙasa ta saurari abin da ya dawo, kuma ƙarfe mai kusurwa ya fi komai amsa mata, fari tas yake fitowa a hoto.

Mahaifinta Ovila ya san wannan. Tsohon mai walda ne a ƙauyen Lac-Sorbier, mutum mai kafiya, in ya ce a'a ko limamin coci sai ya haƙura. Tun zamanin tsohon tauraron ya haɗa fallayen ƙarfe uku da 'yan maƙalai masu naɗewa, ya kafa a bayan gida.

"Tunda zuwa gida ya gagare ki, 'yar birni, sai ki riƙa leƙo ni daga sama," in ji shi.

Ta yi ta leƙawa kuwa, shekara da shekaru. Wani lokaci ta ga farin ɗigon ƙarfen a hoto, wani lokaci ba ta gani ba, duk dai labari ne.

Yanzu wayarsa ta mutu. An kwashe mutanen ƙauyen an watsa su garuruwa, ta bi duk wanda ta sani, babu mai cewa ya gan shi.

"Hoto na shigowa," in ji Réjean, shugaban sashensu. Ya dafa kujerarta. "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Wannan tsohon ko wuta sai ta yi shawara kafin ta taɓa shi."

Hoton ya soma saukowa layi-layi. Ga tabki, baƙi ƙirin. Ga hanya. Inda coci da gidaje suke a da, babu komai sai duhu, wuta ta cinye. Solange tana addu'a a zuci, abu ɗaya kawai take roƙo.

Can a gefen tabki, daidai inda gidan Ovila yake, ɗigo ya haska.

"Ga shi nan!" Réjean ya buga tebur. "Ƙarfen tsoho! Ban gaya miki ba?"

Ɗakin ya kaure da tafi. Solange ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska. Ko burodi Ovila zai fita saye, ba ya barin gida sai ya naɗe ƙarfen ya kwantar, don ta san ba ya nan. Ga ƙarfen a tsaye, ke nan bai bar gida ba da wutar ta zo.