Murar Dubai

Kwana uku ke nan Falalu yana Dubai, kuma har yanzu safa bibbiyu yake sawa. Dubai ɗin tasa tana saman wani shagon waya ne a Erdington, cikin Birmingham, a ɗakin da hitarsa, na'urar ɗumama ɗaki, ta mutu tun kafin ya zo.

Bakinsa ne ya jawo masa. Injiniya ne a council, wato ƙaramar hukuma, can Manchester, har zuwa shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka sallami rabin ofishinsu, har da shi. Aiki ya tafi, amma son Saudatu yana nan daram. Mahaifinta kuwa, Alhaji Musbahu akanta, duk shekara sai ya yi mako guda a Dubai, ya dawo da dabino da turare da mura, wadda yake ɗora wa sanyin na'urar otal. Ra'ayinsa ba ɓoyayye ba ne a masallaci: wanda bai ga duniya ba bai isa riƙe 'yar mutane ba.

Wata Juma'a aka tambayi Falalu labarin aiki a gaban Alhaji, sai ya ji bakinsa ya ce wani kamfani zai tura shi Dubai. Ranar ce Alhaji ya fara yi masa kallon mutum. Ya ce in ya dawo ya zo gida su gaisa. Ko Saudatu Falalu ya ji kunyar warware mata zancen.

Wani mai aski a unguwar Gorton ne ya ba shi lambar Osmanu, mutumin Ghana da ya taɓa tuƙa 'yan yawon buɗe ido a saharar Dubai. Sana'arsa yanzu ita ce kai mutane can ba tare da sun hau jirgi ba. Ɗaki yake bayarwa na mako guda, da tsaraba, da hoton mutum a kan raƙumi, da wani jan littafi da ya rubuta da hannunsa.

A cewar Osmanu, birnin kansa ba ya kama maƙaryaci, domin kowa ya ga dogayen benaye a talabijin. Yawon wuni ɗaya a wajen birni ne ke tona asiri. Saboda haka Falalu ya duƙufa da hadda kamar mai shirin sauka: koren ruwan Hatta a tsakanin duwatsu, kasuwar raƙuma ta Al Ain, da yadda direba ke rage iskar taya kafin ya hau tudun yashi. Dokar gidan ɗaya ce, ba fita. Rana ta biyar kwaɗayin tuwo ya fi ƙarfinsa, ya faki idon Osmanu ya hau bas zuwa unguwar Aston, ya ci ya dawo, ba wanda ya gan shi.

Ya koma Manchester da leda biyu da hanci a toshe.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya durƙusa a kan kafet ɗin falon Alhaji, ya tura tsarabar gefe cikin ladabi. Hajiya, mahaifiyar Saudatu, ta sa albarka ta zauna a bakin ƙofa. Falalu ya gyara zama. In aka kama shi yau, ya rasa Saudatu, kuma zuwa Juma'a duk Hausawan Manchester sun ji.

Alhaji bai tambayi aiki ba, kai tsaye ya shiga sahara. Falalu ya fara da Hatta. Kafin ya kai ga koren ruwan, Alhaji ya riga shi. Ya ambaci kasuwar raƙuma, Alhaji ya ƙarasa masa da warin wurin, kalma bayan kalma kamar yadda yake a shafi na tara na jan littafin. Falalu ya jinjina wa Osmanu a ransa, lallai mutumin ya san aikinsa. Har ya saki jiki ya fara ƙara gishiri, ya ce raƙuminsa ya so ya kayar da shi.

Sai atishawa ta zo. Ya zaro hankici, wata 'yar takarda ta biyo shi, ta sauka daidai gaban ƙafar Alhaji.

Tikitin bas ne na Birmingham, da kwanan wata ɓaro-ɓaro, ranar da ya ce yana kan raƙumi.

Alhaji ya ɗauka, ya gyara gilashi, ya karanta a tsanake har ƙasa. Falalu ya ji gumin da bai yi a Dubai ba yana bin bayansa. Hajiya ta tambaya ko mene ne.

"Rasit ne na yawon sahara," in ji Alhaji. Ya ninke takardar ya sa a aljihunsa. "Tashi in taka maka, Malam Falalu."

Falalu ya bi shi. Ya san manya ba sa tozarta mutum a gaban iyali, a waje za a yanka shi. A bakin ƙofa Alhaji ya ce masa ya turo magabatansa ƙarshen wata. Falalu ya tsaya baki buɗe, takalmi ɗaya a hannu. Alhaji ya waiga ya tabbatar Hajiya ba ta kusa, ya ja hanci, sannan ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Wai har yanzu Osmanu bai gyara hitar ɗakin nan ba?"