Tirelar Kalahari

"Zo ki ga aiki!" in ji mijina, ya wangale ƙofar 'yar tirelar kwanan da za mu ja da mota zuwa Kalahari.

Tun yaranmu suna firamare yake gyaranta. Ya ɗora mata sola, ya ƙara tankin ruwa, ya haɗa rumfa da murhun gasa nama. Duk Disamba maƙwabta su tafi hutu, mu kuwa sai dai a ce mini baɗi, ba ta kammala ba. Ni na ɗinka labulenta, ya koɗe a gareji, na sake ɗinka wani.

Na sunkuya na shiga. Sabon firji ya cinye rabin wurin, sai gurnani yake.

"Giya ta daina ɗumi har abada," ya ce, yana shafa shi kamar jariri.

"Maigida, ina gadonmu?"

"Ai dole wani abu ya fita. Kada ki damu, sai da na auna komai."

Ya auna kam. Siririyar katifar da ya shimfiɗa daidai tsawonsa take, daidai faɗin kafaɗunsa, da matashi guda ɗaya.