Gayyar Baturiya

Ƙarar ƙarafa ce ta tashe ta da sanyin safiya. Ta leƙa ta taga, sai ga matasa kusan talatin sun kewaye gidanta, riƙe da adduna da garemani.

Wata uku ke nan da zuwanta Fadan Kagoma daga Turai aikin sa-kai, kullum tana kiran taron matasa, ba mai zuwa. Jiya a coci ta daure ta yi sanarwa da Hausarta ta koyo. To me ta faɗa da ya harzuƙa su? Ta duba waya, ba sabis.

Aka buga ƙofa. Ta buɗe.

"Sista, ina gonan?" in ji shugabar matasan.

"Wace gona? Taro na gayyace ku."

"A'a fa! Gayya kika ce a gaban Fasto. Mai kiran gayya ai noma yake so a taya shi."

Ta dubi ciyawar da ta cinye bayan gidanta. Ta dubi fuskokin da ta yi wata uku tana nema. Sai ta miƙa hannu.

"A ba ni garma."