Dokina da Dokinmu

Tanimu, ka ce kai da abokinka za ku haɗa hannu ku sayi doki, tunda ɗayanku ba zai iya ɗaukar cinsa shi kaɗai ba. Ban hana ka ba. Ni na gaji da hana mutane abin da suka riga suka ƙulla a ransu. Amma ka ji wannan tukuna.

An yi wani manomi da gwiwoyinsa suka soma ba shi wuya, ga gonarsa can nesa a hayin rafi. A ƙauyen gaba kuma akwai wani wanzami mai zaga rugage yana aski da ƙaho. Kowannensu na bukatar abin hawa. Sai manomi ya sayar da bijiminsa guda tilo, wanzami ya kawo abin da ya tara, suka sayi baƙin doki mai sheƙi. Suka yi sharaɗi a gaban dattawa: mako guda a turken wannan, mako guda a turken wancan, a riƙa miƙawa ranar Juma'a. Wanda doki ke hannunsa, shi ke da dawa da harawa da kanwa. Watannin farko lafiya lau. Sai dai in manomi ya hau aka yaba, cewa yake yi "dokina", wanzami ma haka. Amma da an zo bakin rumbu za a ɗebo dawa, sai doki ya koma "dokinmu".

Ana nan, manomi ya lura cewa hatsin da doki ya ci yau, sai gobe ko jibi yake zama ƙarfi. To dawar Laraba da ta Alhamis wa za ta yi wa aiki, in ba wanzami ba? Sai ya riƙa barinsa da ciyawa zalla a kwanakin nan biyu. Shi kuwa wanzami, in doki ya iso, sai ya ce ai daga gidan hatsi ya fito, cikinsa a cike yake, zai kai Lahadi. Kanwa kuwa, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa na bayarwa. Hawa ne kaɗai ba wanda ya rage, don kowa na so ya more makonsa. Ba mugayen mutane ba ne, Tanimu, abin da ke kashe mini jiki ke nan. Duk Juma'a sai su gaisa har da tambayar iyali, kowa ya dubi haƙarƙarin dokin ya kau da kai, domin ya san in ya yi magana za a tambaye shi nasa.

Da damina ta sauka, daidai lokacin da manomi ya fi bukatarsa, wanzami na janye da shi zuwa miƙawa sai dokin ya durƙushe a gindin wata tsamiya tsakanin ƙauyukan biyu. Aka sanar da manomi, ya taho yana ɗingishi da ƙwarya cike da dawa. Dokin ya sansana, ya juyar da kai. Manomi ya ce, "Yaushe rabonka da ba shi kanwa?" Wanzami ya ce, "Ai na ɗauka kai kake ba shi." Kafin la'asar dokin ya mutu, kuma ranar ba wanda ya ce dokina. Ɗaya ya ɗauki sirdi, ɗaya ya ɗauki linzami. Manomi ya koma gida ba bijimi ba doki, gonar hayi kuwa ciyawa ta cinye ta a shekarar. Dawar da ya hana dabbar, ko rabin buhu ba ta kai ba.

In za ku saya, ku saya. Amma ka tuna abin da Hausawa ke cewa: garin neman ƙiba, an samo rama.