Ledar Tsofaffin Tiyo

Ba a gama ɗaga ƙofar garejin gidan Likita ba Mai Hanci ya ja iska sau biyu, ya ce tiyon fetur ne ke yoyo. Ba a banza kanikawa suka laƙaba masa wannan suna ba.

Motar tana nan inda ya saba ganinta: ja, ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare a kan dutse, kujera biyu, inji a baya. Shekara ashirin da shida babu wanda ya ɗora mata sifana sai shi. Likita kuwa ya sha faɗa, da maganar nan tasa ta kalma biyu, gyaran murya, kalma biyu, cewa ranar da ya daina tuƙi motar ta zama ta Mai Hanci. Ya faɗa a gaban 'ya'yansa. Ya faɗa a gaban matar Mai Hanci ranar da ta kai masa ciwon gwiwa.

To, ranar ta zo. Idon Likita ya yi rauni, 'ya'ya sun hana shi taɓa sitiyari. Likita ya ce a canja tiyon gaba ɗaya, daga tanki har inji, kada a bar ko kamu ɗaya. Mai Hanci ya yi ta sosa ƙeya, da ƙyar ya tambaya ko tsohuwar maganar tana nan.

"Tana nan, mutumina," in ji Likita, yana goge tabarau.

Aikin ba na wasa ba ne. Wanda ya ƙera motar ya cusa tiyon a inda hannun ɗan Adam ba ya shiga, sai an sauke inji. Da ya sauke, ya tarar robar ta bushe ta tsattsage kamar dunduniyar mai faso. Wani tiyon ma ya bi ta saman salansa, tsakaninsu bai fi yatsa uku ba. Ɗigo ɗaya a kan ƙarfe mai zafi, da sai dai a kwashe toka.

Rana ta biyu Likita ya shigo da wani gajeren mutum mai farar riga, ya ce ƙanin wani abokinsa ne, son motoci ke damunsa, a bar shi ya yi kallo. Mai Hanci ba ya son 'yan kallo. Amma wannan ya iya zama a kan tsohuwar taya bai taɓa komai ba, kuma duk tambayarsa da "a misali" take farawa. A misali, bayan shekara nawa ake sake canjawa? A misali, in mutum ya ji wari a kan hanya, ya kashe ko ya lallaba? Yana tambaya yana ɗaukar hoton lambar da ke jikin sabon tiyo.

Mai Hanci ya saki baki. Mai abu ba ya rowar labarin abinsa. Ya nuna masa inda tiyo ke gogar ƙarfe, da yadda ake matse zoben baki ba tare da an yanke roba ba, da irin tarin da motar ke yi in ta kwana biyu ba a tashe ta ba. Har ya bar shi ya shiga mazaunin direba. Mutumin ya ja kujerar gaba, ya karkata madubi daidai fuskarsa. Mai Hanci ya kau da kai. Bawan Allah, ya ɗana mana, ina zai sake samu?

A gida kuwa matarsa ta ce wannan motar ta marasa gwiwa ce, in ta shiga sai dai a fito da ita da jak. Duk da haka ita ce ta kwance igiyar shanyarta daga tsakar gida don a sami wurin kafa wa motar rumfa. Ita ce kuma ya kama tana zama a 'yar gajeriyar kujera tana tashi, tana riƙe da bakin zane, wai gwajin shiga motar take. Kafin sati ya zagayo maƙwabta duk sun ji, har mai wanki ya fara kiransa ranka ya daɗe.

Rana ta tara ya mayar da inji. Ya tashe ta, ya durƙusa ya bi ta da hanci daga tanki har baya, kamar mai neman ɓeran da ya mutu a ɗaki. Babu wari. Ya bar ta ta yi zafi, ya sake bi. Tsaf.

Sai ya tattara tsofaffin tiyon a leda. Ƙa'idar da ubangidansa ya koya masa ke nan tun yana wanke noti: abin da ka cire, ka damƙa shi a hannun mai mota. Ba direba ba, ba mata ba, ba ɗa ba, mai mota kaɗai. Duk wanda ya taɓa kawo masa aiki ya san haka, Likita ya fi kowa sani.

Ya goge hannu, ya miƙa ledar yana danne murmushi. Ya riga ya tsara yadda za a yi: Likita zai tura masa ita, ya yi gyaran murya, ya ce ai mai motar ne ke riƙe da ita. Shi kuma zai ce haba Likita, sau biyu, kafin ya karɓa.

Likita ya mayar da hannuwansa baya, ya tsura wa ƙasa ido. Ledar ta daɗe a sama.

Gajeren baƙon ya taso daga kan taya, ya karkaɗe rigarsa.

"Kawo nan, Malam," in ji shi. "Ai wata biyu ke nan da na saye ta."