Mai Ɗanɗana Dutse

Baba Tsakuwa yana cikin goga wani guntun dutse a haƙoransa na gaba sai sakatariya ta faɗo ofis ko sallama babu.

"Baba, ana ambatonmu!"

Ya cire dutsen, ya tofar a hankici. "Da alheri dai ko, 'yar nan?"

Ta juyo masa da kwamfuta. Ya laluba tabarau, ya same shi a goshinsa, ya duba. Sai ya nemi kujera.

Shekara talatin ke nan yana editan mujallar nazarin duwatsu ta jami'ar, har ɗalibai suka laƙaba masa wannan suna. 'Yar ƙaramar mujalla ce da ba ta taɓa leƙa bayan tsaunukan yankin ba. Yau yumɓun gaɓar kogi, gobe ruwan ƙarƙashin ƙasa, jibi a sake komawa kan yumɓu. Masu rubuta ta su ne masu karanta ta.

To, a wajen masana ba kaurin mujalla ake dubawa ba. Sau nawa wasu suka kafa hujja da ita a nasu binciken, shi ake ƙirgawa. Ita kuwa tasu lambar ta daɗe a kwance kamar an ɗora mata dutse. Shugaban tsangaya ya riga ya faɗa: idan shekara ta ƙare ba ta motsa ba, za a rufe mujallar, a mai da ofishin ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Yau ga lambar ta haura ɗari, kuma duk a kan maƙala ɗaya. Tasa ce, wadda ya bayyana yadda ake rarrabe dutsen yumɓu da mai ɗan rairayi ba tare da na'ura ba. Ka goga a haƙori. In ka ji santsi, yumɓu ne zalla. In ka ji garas-garas, akwai rairayi. Tun yana saurayi ya rubuta ta, yana kuma sabunta ta lokaci-lokaci, kowane karo da sabon hoton bakinsa dab da kyamara, don ɗalibi ya ga yadda ake riƙe dutsen.

"Sai dai mujallun da ke ambaton namu ban san ko ɗaya ba," in ji sakatariya.

"Ina za ki san su? Manya ne!"

Ya isa gida yana taka rawa tun daga ƙofa, sanda a sama. Uwargida ta leƙo daga kicin.

"Lafiya, Malam? Ko kunama ce?"

"Duniya ta gano mijinki!"

"Madalla. Shekara nawa ina cewa ka bar cin tsakuwa kamar kaza. Zo ka zauna, na niƙa maka naman."

Ranar wata Talata, ko Laraba ce ma, shugaban tsangaya ya hawo ofishin da ƙafarsa. Mutumin da a da sai dai ya ɗaga gira in sun haɗu, yau har da "ranka ya daɗe". Ya sa hannu a kan cewa mujalla za ta ci gaba, ya ce a sake wa ɗakin fenti, a kawo sabuwar fanka. Bai tambayi waɗanda ke ambaton ba. Lamba ya zo gani, ya kuwa gani.

Bayansa sai ga waya. Wata mata mai tattausar murya ta ce ita ce shugabar ƙungiya kaza, suna gayyatarsa babban taronsu na shekara. Sunan ƙungiyar ya shiga ta kunnen dama ya fice ta hagu, don zuciyarsa ta riga ta hau mumbari.

"Waɗanne duwatsu zan zo da su?"

"Kada ka wahalar da kanka, Farfesa. Abin da muke son gani yana tare da kai."

Ya ajiye waya, ya dafa kansa, ya yi murmushi. Ai kuwa gaskiyarta, ilimi a ka yake. Duk da haka ya cika aljihu da tsakuwa, don mai nazarin dutse ba ya fita hannu rabbana.

Zauren taron ya cika maƙil. Ya ɗan yi mamaki da bai ga fuska ɗaya da ya sani ba. Babu mai ƙaton takalmin hawan dutse, babu wanda rana ta ƙona wa ƙeya. Hannuwan da suka gaisa da shi duk laushi kamar auduga. Ya ce a ransa, masanan zamani ke nan, sun bar daji sun koma ɗakin gwaji.

Ya hau mumbari, murna ta kama shi, ya washe baki. Nan take 'yan sahun gaba suka miƙo wuya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Wata ta dafa ƙirji ta ce, "Kai, ya ma fi na hoton!"

Tafi ya ɓarke. Baba Tsakuwa ya ɗaga hannu biyu, ƙwalla ta cika masa ido. A bayansa allo ya haska, hotunan maƙalarsa suka jeru, daga na samartaka har zuwa na bara.

Shugabar ta gyara makirufo.

"A madadin ƙungiyar likitocin haƙori," ta ce, "ga bawan Allahn da ya shekara talatin yana nuna mana, hoto bayan hoto, yadda dutse ke cinye haƙorin ɗan Adam."