Hoton Raihana a Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar ta yi ƙara sau uku, ta sake mutuwa. Lukman ya share gumi.

Tayar da tsofaffin kwamfutoci abin sha'awarsa ne, har mutanen Anka na yi masa dariya. Amma wannan ba ta wasa ba ce. Ta Malama Florence ce, ma'aikaciyar lafiyar da ta ɗauki hotunan yaran Tungar Daji a shekarar gubar dalma. Cikin waɗanda suka rasu har da ƙanwarsa Raihana, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Sati uku ke nan Inna na zaune bakin ƙofarsa. Likita ya ce idanunta ba za su kai damina ba.

"Lukman, in gan ta dai kafin duhu ya rufe ni."

Ya ciro batiri daga wata kwamfutar, ya goge tsatsa, ya liƙe wayar da ta tsinke. Ya yi bisimilla, ya danna. Fanka ta juya, allo ya kawo haske!

Fuskoki suka fara wucewa, kowace da sunanta a ƙasa. Can Inna ta dafe allon, ta fashe da kuka.

"Ɗiyata! Ita ta, wallahi!"

Lukman ya karanta sunan da ke ƙasa: Balkisu Sani. Ya duba jerin har ƙarshe. Babu Raihana.

Inna ba ta karatun boko.

Ya sa yatsa ya rufe sunan.

"Ita ta, Inna."